Kundin aikin mayar da Dokar Sauyin Yanayi ta 2021 zuwa Hausa

Litinin, 19 ga Agusta, 2024

Yau na buɗe wannan kundi domin in riƙa rubuta yadda aikin yake tafiya, saboda ƙungiyar manoman da ta ɗora mini shi ta ce in kawo mata lissafin kowace naira idan an kammala. Aikin kashi biyu ne. Na farko shi ne a mayar da Dokar Sauyin Yanayi ta Najeriya, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Nuwamban 2021, zuwa Hausar da za a iya karantawa a ƙofar gidan dagaci kowa ya gane. Na biyu shi ne a tattara abin da manoma da makiyaya da masunta na ƙasar Haɗeja da Gumel za su faɗa bayan sun ji ta, a tsara shi ya zama takardar shawarwari da za a miƙa wa 'yan majalisa. An ba ni naira 450,000 da wa'adin wata huɗu. Ni lauya ne wanda ya fi sabawa da shari'ar gonaki da rabon gado, don haka rabin aikin koyo ne.

Asabar, 24 ga Agusta

Na kashe naira 15,000 a kan datar intanet da naira 9,000 wajen buga takardun da zan karanta. Na gama fassarar farko ta kusan rabin dokar, na miƙa wa mai buga rubutu.

Asabar, 31 ga Agusta

Wannan mako ya tafi a banza, kuma laifina ne. Kwafin da na sauke daga intanet na yi ta fassarawa ashe ƙudirin ne tun yana gaban majalisa, ba dokar da aka sa wa hannu ba. Na farga ne lokacin da nake karanta wani sharhi na lauyoyi, na ga lambobin sassan da suke ambato ba su dace da nawa ba. Wannan ƙudiri ya daɗe yana yawo: Honarabul Sam Onuigbo daga jihar Abiya ne ya ɗauki nauyinsa, majalisa ta takwas ta amince da wani nau'insa amma shugaban ƙasa bai sa hannu ba, sai da aka sake gyara shi a majalisa ta tara. Ke nan akwai kwafi fiye da ɗaya da suke kama da juna, kuma lauya ya kamata ya fi kowa sanin cewa ba a kafa hujja da takardar da ba a ga sa hannu a ƙarshenta ba. Na samo sahihin kwafi daga wani abokin karatuna da yake aiki a Abuja. Naira 18,000 da na biya mai buga rubutu ta tafi, kuma zan sake biyan wata kamarta.

Da na sake karantawa a tsanake sai na gano kuskure na biyu. A gabatarwar da na rubuta na ce dokar ta wajabta wa Najeriya ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda dazuzzuka da sauran hanyoyi suke shanyewa kafin 2060. Dokar ba ta faɗi haka ba. Abin da ta ce shi ne tsakanin 2050 da 2070. Shekarar 2060 alkawari ne da Shugaba Buhari ya yi da bakinsa a taron duniya kan sauyin yanayi da aka yi a Gilasgo a farkon wannan watan na Nuwamban 2021. Bambancin yana da muhimmanci, domin alkawarin taro daban ne da abin da za a iya nuna wa alƙali a rubuce, kuma sashe na 12 na Kundin Tsarin Mulki ya ce yarjejeniyar da aka ƙulla da ƙasashen waje ba ta zama doka a cikin gida sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka.

Alhamis, 5 ga Satumba

An ƙara kuɗin man fetur a wannan makon, saboda haka kuɗin motar da na tsara na zuwa ƙauyuka ba zai isa ba. Na rage zaman sauraron jama'a daga huɗu zuwa biyu.

Laraba, 11 ga Satumba

Jiya ruwan madatsar Alau ya mamaye Maiduguri, kuma na kasa yin aiki sosai saboda kiran waya ga 'yan uwa da suke can. Da dare na buɗe dokar ina neman abin da ta tanada wa mutumin da ruwa ya kora daga gidansa. Na samu cewa ƙarfinta ya fi karkata ga lissafin hayaƙi: kasafin hayaƙi na shekara biyar-biyar, tsarin aiki na ƙasa wanda shi ma ake sabuntawa duk shekara biyar, harajin hayaƙi, da wajabta wa duk kamfani mai ma'aikata 50 ko fiye ya naɗa jami'in da zai riƙa kai rahoto. Wannan tsari na kasafin shekara biyar Ingila ce ta fara shi a dokarta ta 2008, kuma ya dace da ita domin ita masana'antunta ne suka daɗe suna cika sama da hayaƙi. Mu kuwa abin da ya fi cin mu shi ne ambaliya da fari da kwararowar hamada. Ambaliyar 2022 kaɗai ta kashe sama da mutum 600 a ƙasar nan. Dokar ta ambaci shirin jure wa sauyin a wurare da yawa, amma ba ta ba shi ma'auni da wa'adi kamar yadda ta ba hayaƙi ba. Na rubuta wannan a matsayin batu na farko na takardar shawarwari.

Asabar, 21 ga Satumba

Na kwana biyu tare da wani malamin Hausa mai ritaya wanda ya yarda ya duba mini fassarar a kan naira 30,000. Mun fi daɗewa a kan kalmomi uku. Ta farko ita ce “yanayi” ita kanta, domin mai sauraro yana iya ɗauka ana nufin zafin yau ko hadarin gobe, alhali dokar tana maganar yadda damina da rani da hunturu suke sauya ɗabi'arsu cikin shekaru masu yawa. Mun bar “sauyin yanayi” tunda rediyo ta riga ta sabar wa mutane da shi, muka ƙara bayanin cewa ana nufin irin bambancin da dattijo yake gani tsakanin daminar ƙuruciyarsa da ta yanzu. Ta biyu ita ce “kasafin hayaƙi”. Malamin ya ce mini, “Barista, kasafi ana yin sa ne a kan abin da ake so, wa zai so a ba shi kason hayaƙi?” Daga ƙarshe muka ce “iyakar hayaƙin da aka yarda ƙasa ta fitar cikin shekara biyar”. Ya yi tsawo, amma ba ya ɓatar da kowa.

Ta uku ta fi damuna a matsayina na lauya. Turancin doka yana da kalma guda da take nuna tilas da wata da take nuna zaɓi, ni kuma na fassara su duka da “za ta”. Idan aka ce “majalisa za ta yi kaza”, Bahaushe yana jin labarin abin da ake sa ran zai faru ne, ba ya jin umarni. Mun bi dokar tun daga sashe na farko, duk inda tilas ne muka sa “wajibi ne”, inda zaɓi ne muka sa “tana iya”. Wannan aikin ya nuna mini abin da ban lura da shi ba a Turanci: akwai “wajibi ne” da yawa waɗanda ba a faɗi abin da zai biyo baya idan aka saɓa musu ba, kuma inda aka ambaci tara ko hukunci, an bar wa Majalisar Ƙasa kan Sauyin Yanayi, wadda dokar ta kafa, ta yanke yawansa.

Asabar, 5 ga Oktoba

Yau aka yi zaman farko a wani ƙauye na gefen fadamar Haɗeja, a ƙarƙashin bishiyar maina da take ƙofar gidan dagaci, mata kuma suna cikin zaure inda suke jin lasifika. Kuɗin mota ya ci naira 38,000, abinci da ruwa naira 45,000. Na fara da karanta jerin waɗanda suke cikin Majalisar Ƙasa kan Sauyin Yanayi: shugaban ƙasa ne shugabanta, mataimakinsa ne mataimaki, sai ministoci da dama, da gwamnan Babban Banki, da mai ba da shawara kan tsaro, da shugaban ƙungiyar gwamnoni, da na ƙungiyar shugabannin ƙananan hukumomi, da wakilan mata da matasa da masu buƙata ta musamman da kamfanoni da ƙungiyoyin kare muhalli. Da na kai ƙarshe sai dagaci ya ce, “Ɗana, na ji sunayen manya, amma ban ji manomi ba, ban ji sarki ba.” Na ce, “Ranka ya daɗe, akwai ministan noma.” Mutane suka yi dariya, ni ma ban iya kare amsar ba. Ra'ayina shi ne ɗora shugaban ƙasa a kan majalisar yana ba ta daraja amma yana sa zamanta ya yi wuya, kuma ba a ma ƙaddamar da ita ba sai a Satumban 2022, wata goma bayan sa hannu.

Sarkin noma ya tambayi abin da na san za a tambaya, wato ko Asusun Sauyin Yanayi da dokar ta kafa zai biya shi shinkafar da ruwa ya ci. Na gaya masa gaskiya cewa asusun yana samun kuɗi daga kasafin gwamnati da tallafin waje da tara da harajin hayaƙi, ana kuma kashe su wajen gudanar da majalisar da wayar da kai da ayyukan rage hayaƙi da na jure wa sauyin, amma ba a rubuta cewa a biya manomi diyyar amfanin gona ba. Inda diyya ta shigo shi ne idan kotu ta samu wani da aikata abin da ya cutar da muhalli har ya shafi mutum kai tsaye. Ya ce to wa zai kai ƙara idan ruwan sama ne ya yi ɓarnar. Na rubuta tambayar kamar yadda ya faɗe ta.

Sarkin ruwa ya gyara mini wani abu da nake ganin ya fi duk abin da na karanta a makon nan amfani. Na yi magana kamar duk ambaliyar yankin sauyin yanayi ne ya kawo ta. Ya ce a'a, tun da aka gina madatsar Tiga, daga baya kuma ta Challawa, ruwan kogin ya daina ƙafewa da rani kamar yadda ya saba, sai ciyawar kacala ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa, ruwan ya riƙa fanɗarewa yana shiga gonaki da gidaje. Gaskiyarsa ce: an gama Tiga a 1974, Challawa a 1992. Idan na bar ɗan littafin fassarar ya ɗora komai a kan sauyin yanayi, to na ba masu alhakin yashe kogi da tsara sakin ruwa mafaka ke nan. Zan ƙara shafi guda da zai raba abin da ya zo daga sama da abin da hannun mutum ya jawo.

Daga cikin zaure uwar ƙungiyar mata ta aiko da saƙo cewa ta ji ana maganar daina sare itace, to a gaya wa masu dokar farashin tukunyar gas, kuma a gaya musu cewa ba don sha'awar hayaƙi take hura wuta ba. Na ce, “Hajiya, za a rubuta.”

Asabar, 12 ga Oktoba

Na kwafe abin da na naɗa a waya zuwa takarda, ya cika shafi goma sha ɗaya. Ban kashe komai ba.

Talata, 29 ga Oktoba

Fiye da mako guda ke nan babu wutar lantarki a yawancin jihohin Arewa. Kwamfutata ba ta riƙe caji fiye da awa ɗaya, don haka na riƙa kai ta shagon masu caji da janareto, abin da ya ci naira 12,000 cikin kwana takwas. Ranar Alhamis janareton shagon ya mutu ina tsakiyar gyara babi na uku ban adana ba, aikin yini guda ya salwanta. Tun daga ranar na koma rubutu da biro, sai dare in buga. Na lura cewa takardar da nake rubutawa a kan rage hayaƙi da hayaƙin janareto nake rubuta ta, kuma haka kowane tela da mai niƙa da mai walda a unguwarmu yake yi.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Na zauna a kan batun da nake ganin shi ne ƙashin bayan takardar shawarwari, wato rabon iko tsakanin tarayya da jiha. Dokar ta tarayya ce, amma abubuwan da talaka zai taɓa da hannunsa yawancinsu ba a hannun Abuja suke ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, na karkara kuma ƙaramar hukuma ce take ba da izinin amfani da su. Gandun daji da burtali da tsarin gine-gine a bakin magudanar ruwa duk a jiha ake yanke hukuncinsu. Hatta lantarki, tun bayan gyaran Kundin Tsarin Mulki da dokar lantarki ta 2023, jiha tana da ikon kafa kasuwarta. Sashe na 20 na Kundin ya ɗora wa gwamnati kare muhalli, sai dai yana cikin babi na biyu wanda ba a kai gwamnati kotu a kansa kai tsaye. Saboda haka na sauya tsarin takardar: maimakon guda ɗaya, za ta zama biyu, gajeriya zuwa ga 'yan Majalisar Tarayya a kan gyaran dokar, doguwa zuwa ga majalisar jiha a kan yin tata dokar. Gyaran doka irin wannan ba sabon abu ba ne, domin Kenya ta yi tata a 2016 ta kuma gyara ta a 2023.

Na kuma gyara wani adadi a gabatarwa. Alkawarin da Najeriya ta yi a ƙarƙashin yarjejeniyar Faris ta duniya kan sauyin yanayi shi ne rage kashi 20 cikin 100 na hayaƙin da ake hasashe kafin 2030 da ƙarfin kanta, ko kashi 45 idan ta samu taimakon waje. A 2021 aka ɗaga na biyun zuwa kashi 47, ni kuwa tsohon na rubuta.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Zama na biyu ya gudana a wani ƙauye kusa da Maigatari. Mota naira 52,000, abinci naira 40,000. Mutane ba su kai na farko yawa ba domin na sa ranar ba tare da na tambaya ba, ashe ana ɗaurin aure biyu a garin da yake maƙwabtaka da su. A nan ba a yi maganar ambaliya ba, maganar yashi da rijiyoyi da itatuwa aka yi. Jigawa tana cikin jihohi goma sha ɗaya da suke ƙarƙashin shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, wanda aka kafa wa hukuma da doka a 2015, kuma kowa a wurin ya taɓa ganin ana rabon dashe. Ardo ya ce dashen da aka yi a kan burtali ba tare da an tambayi masu shanu ba ba ya kai shekara, kuma ba ƙeta ce take sa haka ba, hanya ce aka tare.

Wani dattijo mai fataucin dabbobi zuwa Magariya ya ce a tsallaken iyaka gonaki cike suke da gawo, kuma ba dasa su aka yi ba, kututturan da suke tohowa ne manoma suke bari suna yi musu sassabe. Da na tambaye shi dalilin da ya sa nasu suke bari namu suke tumɓukewa, sai ya ce, “Yaro, can manomi ya san itacen nasa ne.” Wannan ya dace da abin da na karanta game da Nijar, inda sassauta ikon malaman daji a kan itacen gona, wanda dokar daji ta 2004 ta ƙarfafa, ya taimaka wa jihohin Maraɗi da Damagaram suka farfaɗo da itatuwa masu ɗimbin yawa. Na sa shi a matsayin shawara ta farko ga majalisar jiha: a rubuta ɓaro-ɓaro cewa itacen da manomi ya yi rainonsa a gonarsa mallakarsa ne, yana iya sassabe shi ya sayar da itacen ba tare da neman takarda ba. Wannan sashe ba ya buƙatar kuɗin waje ko kaɗan.

Litinin, 25 ga Nuwamba

Jiya aka rufe taron duniya kan sauyin yanayi da aka yi a Baku da alkawarin dala biliyan 300 a shekara kafin 2035 ga ƙasashe masu tasowa, adadin da wakilan ƙasashe da yawa, har da na Najeriya, suka ce ya yi kaɗan. Na ƙara sakin layi ɗaya kawai a ɗan littafin, domin ba na son mai karatu ya ɗauka akwai kason da yake jiran sa. Malamin Hausa ya dawo mini da gyaran ƙarshe.

Asabar, 7 ga Disamba

Na je karɓar bugu na tarar da sabon farashi. A watan Agusta mai ɗab'in ya ce mini naira 500 kowane kwafi, na tsara kwafi 300, amma ban biya kafin alƙalami ba kuma ban sa ya rubuta ba. Yanzu ya ce takarda ta yi tsada, naira 800 ne. Na buga kwafi 200 a kan naira 160,000. Da na duba kwafin farko na ga injinsa ya cinye ƙugiyar haruffan ɗ da ƙ da ɓ a kanun babi-babi, har “ƙasa” ta koma “kasa”, sai da muka sauya nau'in rubutun aka sake buga shafi shida, ya yarda ya ɗauki asarar. Jimillar abin da na kashe ya zama naira 437,000, saura naira 13,000 da zan mayar wa ma'ajin ƙungiya ranar Litinin tare da rasitai.

Takardar majalisar jiha ta kammala da shawarwari biyar, ta tarayya kuma saura in gyara batun kujerar manoma da makiyaya a Majalisar Ƙasa kan Sauyin Yanayi da batun ware kaso na asusun domin ayyukan jure wa ambaliya da fari. Abin da ya rage na gaba shi ne a rubuta wasiƙa a ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa, a nemi kwafin iyakar hayaƙin da aka tsayar da rahoton kuɗin da suka shiga asusun. Kwafi 200 ba za su kai ko'ina ba a inda yawancin dattawa da kunne suke karatu, don haka na roƙi ƙungiya ta amince in naɗi ɗan littafin da murya babi-babi a raba ta WhatsApp kafin hasashen damina na NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, ya fito a farkon shekara. Sarkin ruwa ya yarda shi zai karanta shafin kacala da bakinsa, mun sa ranar Asabar mai zuwa bayan la'asar.